An ce 'yata tana da Dandy-Walker: a yi aikin roba ko a jira?

Maman Yusra:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwa. Na daɗe a zauren nan ina karatu ban taɓa cewa komai ba, yau dai abin ya fi ƙarfina. 'Yata wata huɗu da kwana tara. Tun bayan arba'in na lura hular da nake sa mata ta daina shiga, na sayo wata, ba a yi sati uku ba ita ma ta matse. Maɗigarta ta taso ta yi tauri ko da tana barci, jijiyoyin kanta sun fito raɗa-raɗa, ƙeyarta kuma ta turo baya kamar an ƙara mata wani abu. Kwana goma ke nan tana amai da zarar ta sha nono. Mun je asibiti aka auna kan da tef aka sami santimita 47, aka tura mu hoton CT, wanda ke nuna cikin kai. A takardar an rubuta Dandy-Walker, kuma wai ruwa ya taru. Likita ya ce sai an yi aiki an sa mata roba daga kai zuwa ciki. Surukata ta ce ba za a tsaga kan jaririya ba, danginsu dama masu manyan kai ne, a bari ta yi wayo. Babanta ya rasa wanda zai bi. Don Allah duk wanda ya san ciwon nan ya faɗa min gaskiya, ba rarrashi nake nema ba.

Anti Nas:
Wa alaikumus salam. Sannu Maman Yusra, Allah ya ba ta lafiya. Duba katinta na haihuwa ko na riga-kafi, nawa aka rubuta girman kanta ranar da aka haife ta?

Maman Yusra:
36 aka rubuta Anti.

Anti Nas:
To kin gani. Yawancin jarirai ana haifarsu da kai tsakanin santimita 33 zuwa 36, sai ya riƙa ƙaruwa da kamar santimita 2 a wata cikin wata ukun farko, daga nan ya rage gudu. A wata huɗu abin da muke sa ran gani wajen 40 zuwa 42 ne. 47 kan yaron da ya wuce shekara ɗaya ne. Babban kai na gado akwai shi, ina ganinsa a wurin awo, amma shi maɗigar tana nan laushi, yaro yana wasansa, ba ya amai. Naki ba shi ba ne. Ki kalli idonta da kyau: baƙin yana yin ƙasa, farin yana fitowa ta sama?

Maman Yusra:
Wallahi haka yake yi, musamman idan ta gaji. Na ɗauka kallon ƙasa kawai take yi.

Likitan Yara:
Maman Yusra, bari in yi miki bayani a hankali, ki karanta wa babanta, in da hali har da Hajiya surukarki.

A bayan kai, daidai ƙeya, akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa. Ita ke kula da daidaiton jiki: riƙe wuya, zama, tafiya ba tangaɗi, kai loma baki ba kuskure. Ɓangare biyu gare ta, dama da hagu, da wani siririn sashe a tsakiya da ya haɗa su. A gabanta akwai wani ɗan kogo da ruwan ƙwaƙwalwa ke bi ya wuce, shi ne na huɗu cikin koguna huɗu da ke cikin kan kowane mutum. A Dandy-Walker, tun ciki yana ƙarami wannan sashe na tsakiya bai gama ginuwa ba, ko ma babu shi, sai kogon na huɗu ya buɗe ya zama kamar jakar ruwa, ya faɗaɗa ramin ƙeya. Turowar da kika gani a ƙeyarta ke nan.

Shi ruwan ba cuta ba ne, kowa yana da shi. Babban mutum ƙwaƙwalwarsa tana samar da kusan rabin lita kullum, alhali abin da ke zaune a kai da laka a lokaci guda bai wuce mililita 150 ba. Wato kullum ana zubawa ana kwashewa, kamar randar da ake ɗiba ana ƙarawa. Idan hanyar kwashewa ta samu matsala, zubawar ba ta tsayawa. A jariri ƙasusuwan kai ba su haɗe ba, sai kan ya yi ta buɗewa, ƙwaƙwalwar kuma tana matsuwa tana sirancewa a jikin ƙashi. Kusan takwas cikin goma na masu Dandy-Walker suna samun wannan taruwar ruwa, yawanci a watannin farko.

Don haka abu biyu ne a gabanki. Yadda aka halicci ƙaramar ƙwaƙwalwar, wannan babu aikin da zai sauya shi, da shi za ta rayu. Matsin ruwan kuwa ana iya sauke shi, kuma shi ne yake mata ɓarna a yanzu, kowane sati. Amai da juyewar ido alama ce matsin ya yi yawa. Jira ba ya cikin zaɓi.

Hajiya Babba:
Likita ka yi haƙuri, ni zan faɗi abin da idona ya gani. Jikana an yi masa wannan aikin yana wata shida. Mun sayar da shanu biyu. Sati uku da sallama zazzaɓi ya kama shi, wurin ɗinkin bayan kunne ya yi ja yana ruwa. Kafin mu haɗa kuɗin mota mu koma, yaro ya sanƙare. Kwana huɗu muka yi a asibiti ya rasu a cinyar uwarsa. Har gobe uwar tana cewa da ba a taɓa shi ba da yana nan. Ni ban ga laifin surukarki ba, yarinya. Tsoronta na gaskiya ne.

Anti Nas:
Allah ya jiƙansa Hajiya, ya sa mai ceto ne.

Likitan Yara:
Amin. Hajiya, ba zan musa miki ba, abin da kika faɗa yana faruwa. Robar baƙon abu ce a jiki, ƙwayar cuta tana iya kama ta, kuma mafi yawan wannan yana zuwa ne a watannin farko bayan aiki. Tana iya toshewa kuma; kusan ɗaya cikin uku na yaran da aka sa wa sukan buƙaci gyara tun shekara ba ta cika ba. Duk likitan da ya ce aikin ba shi da haɗari bai faɗi gaskiya ba. Abin da nake roƙo a auna shi ne ɗaya gefen. Na ga yaran da aka jira da su: kai ya kai 60, wuya ya kasa ɗauka, fatar kai ta yi gyambo saboda kwanciya gefe ɗaya, jijiyar gani ta mutu. Idan aka kawo su a lokacin, ko an sa robar, ganin da ya tafi ba ya dawowa. A labarinki Hajiya, abin da ya fi ci min rai kwanakin nan ne da aka yi ana haɗa kuɗin mota. Wannan ba laifinku ba ne, ya kamata a ce tun ranar sallama an zaunar da ku an ce zazzaɓi a yaro mai roba ba ya kwana a gida.

Hajiya Babba:
Babu wanda ya faɗa mana haka. Takardar magani aka miƙo mana aka ce mu dawo bayan wata ɗaya.

Baban Khalil:
Maman Yusra, ni uba ne, kuma irin maganar da mijinki ke yi a ransa na yi ta. Ɗana Dandy-Walker gare shi, an sa masa roba yana wata uku, yanzu shekararsa bakwai. Daren da za a shiga da shi na sa hannu a takarda hannuna yana rawa, mahaifiyata kuwa ta ƙi zuwa asibitin, fushi take da ni. Ba zan ɓoye miki ba, sau biyu ana komawa. Na farko yana shekara ɗaya da rabi, ya tashi da safe ba ya son wasa, barci kawai, ya yi amai sau uku, ba zazzaɓi ba zawo. Uwarsa ta ce robar ce. Ba mu tsaya kemis ba, muka wuce kai tsaye, aka samu ta toshe. Na biyu yana shekara biyar. Bai yi tafiya ba sai da ya kusa shekara uku, har yanzu in yana gudu yana ɗan buɗe ƙafa, rubutunsa kuma a hankali yake yi, fensir yana masa gardama. Amma yana aji biyu, ya haddace izu ɗaya, kuma babu wanda ya kai shi surutu a gidan. Idan ka shafa bayan kunnensa za ka ji ɗan tudu, za ka kuma bi sawun robar a ƙarƙashin fata ta wuya har ƙirji. Shi da kansa yake nuna wa baƙi. Kakar tasa da ta yi fushi, yanzu a ɗakinta yake kwana.

Maman Yusra:
Baban Khalil na gode, na yi kuka da na karanta. Amma in yaro ya girma robar ba ta yi masa gajarta? Kuma ruwan in ya je ciki ina yake zuwa?

Likitan Yara:
Ana barin ragowar tsayi a naɗe a cikin ciki, tana warwarewa yayin da yaro ke tsawo, wani lokaci dai akan ƙara daga baya. Ruwan ba cikin hanji yake shiga ba, cikin sararin da hanji ke kwance ne, fatar da ta lulluɓe wurin tana tsotse shi ya koma jini. Tudun da Baban Khalil ya ambata wani ɗan murfi ne da ke hana ruwa fita fiye da kima ko komawa baya. A masu Dandy-Walker likitan tiyata yana duba hoto ya zaɓi inda zai sa bakin robar: a kogunan sama, ko a jakar ƙeya, wani lokaci duka biyun.

Ummu Ruƙayya:
Ni tambayata, sunan nan Dandy-Walker daga ina? Kuma me ya sa ba a gani a sikanin awo ba? Ni ina da ciki wata biyar, hankalina ya tashi.

Likitan Yara:
Sunayen likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa biyu ne 'yan Amurka. Walter Dandy da abokin aikinsa Blackfan sun bayyana shi a 1914, Taggart da Earl Walker suka ƙara bayani a 1942, sai Clemens Benda ya haɗa sunayen a 1954. Ciwo ne da ba kasafai ba, kamar ɗaya a cikin haihuwa 25,000 zuwa 35,000, don haka kwantar da hankalinki. Ana iya ganinsa a sikanin daga sati 18 zuwa 20, domin kafin nan sashen tsakiyar bai gama rufewa ba ko a lafiyayyen ɗan tayi. Sai dai irin sikanin da aka saba yi na minti biyu, a ce kwanciya daidai, ruwa daidai, mace ce ko namiji, ba ya leƙa ƙeya. Yanzu ne lokacinki, ki nemi a yi miki na duba gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya. Ko an ga ruwa a ƙeya kada a yanke hukunci nan take, akwai abubuwa biyu uku masu kama da shi a hoto waɗanda yawancin masu su lafiya lau suke tashi.

Maman Amira:
Ai duk rashin shan maganin awo ne ke jawo irin wannan. Mata sai a ba su ƙaramin rawayan nan su zuba a ƙarƙashin katifa.

Maman Yusra:
Wallahi na sha, ban taɓa tsallake awo ba. Wannan maganar ita ce a gida ma ake jifana da ita.

Anti Nas:
Maman Amira, a yi hattara. Folik asid, ƙaramin rawayan nan da kika ce, yana kare tsagewar gadon baya, yaran da ake haifa da ƙullutu a baya, kuma shi ma sai an fara sha tun kafin ciki ya shiga ko a satuttukan farko. Dandy-Walker daban ne. Mata su sha maganinsu, amma kada a ɗora wa baiwar Allah nan abin da ba ta yi ba.

Likitan Yara:
Haka ne. Mafi yawan lokuta yana zuwa ne haka kawai, a gidan da ba a taɓa gani ba. Wani lokaci yana tare da matsalar ƙwayoyin halitta, wani lokaci ana danganta shi da ciwon suga ga uwa ko cutar da ta kama ta da ƙaramin ciki kamar rubela, wata cuta mai kama da ƙyanda. Idan shi kaɗai ne ba tare da wata nakasa ba, yiwuwar ya sake zuwa a haihuwa ta gaba kaɗan ce, ba ta wuce biyar cikin ɗari ba. Inda ake ƙara sa ido shi ne auren zumunci na kusa idan an taɓa haifar yaro mai irin wannan tare da wasu nakasu, domin akwai nau'o'in da ake gado daga uwa da uba a tare.

Ta Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni daga Nijar nike. Ɗiyar ƙanwata haka kanta ya yi, a ƙauye aka ce 'yar ruwa ce, wasu har suna cewa a kai ta bakin gulbi a gani. Aka kai ta wurin wanzami ya yi mata tsaga a goshi da ƙeya, wai ruwan ya fita. Jini kaɗai ya fita, wurin ya rure. Sai da muka ɗauko ta muka kai likita, lokotoro ya aza na'urar eko, wato sikanin, bisa maɗigarta, muka ga ruwan da idonmu baƙi ƙirin a allo. Yamai aka tura su aka yi aiki. Don Allah kada a bari kowa ya kusanci kan yarinyar nan da aska.

Anti Nas:
Na goge saƙon wanda ya sa lambar waya yana tallar maganin da ke "tsotse ruwan kai cikin kwana bakwai". Ba a wannan zauren ba. Ruwan da ƙwaƙwalwa ke sake samarwa kowace sa'a babu jiƙon da zai ƙafar da shi, kuma jaririyar wata huɗu nono kaɗai ya kamata ya shiga cikinta.

Malamin Islamiyya:
Maman Yusra, ki gaishe da mai gidan. Ki faɗa masa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani, hadisin yana cikin Bukhari. A yi addu'a, a yi tofi, a yi sadaka, a kuma kai ta wurin masana. Batun mahaifiyarsa kuma, ba a gaba da ita za a yi ba. Ya ɗauke ta su je tare, likita ya nuna mata hoton. Tsohuwa ce mai tausayin jikarta, idan ta gani da idonta in sha Allahu za ta sauko. Kiran yaro ɗan ruwa kuwa zalunci ne ga rai da Allah ya ba mu amana.

Ɗan Sakkwato:
Likita, na ji ana wani aikin da ba a sa roba, da kyamara ake shiga. Me ya sa ba za a yi mata shi ba a huta da toshewa?

Likitan Yara:
Akwai shi, ETV ake ce masa. Ana shiga da siririyar kyamara a huda ƙasan kogo na uku, ruwa ya samu sabuwar hanya. A jarirai ƙanana shi kaɗai bai cika riƙewa ba, shi ya sa wani likita Ba'amurke, Benjamin Warf, da ya yi aiki a asibitin yara na CURE da ke Mbale a Yuganda tun daga 2000, ya haɗa shi da ƙona wani ɓangare na naman da ke samar da ruwan. Dalilinsa irin namu ne: iyalai suna nesa, in roba ta toshe da dare ba su isowa. Ya yi wa masu Dandy-Walker ma, kuma mafi yawansu ba su buƙaci roba ba. Shi ne kuma ya gwada robar Chhabra mai araha ta Indiya da mai tsada ta Amurka, a 2005 ya wallafa cewa bai ga bambanci ba bayan shekara guda. Na faɗi wannan ne don kada a ce muku sai mai tsada.

Amma ba kowane yaro ya dace da aikin kyamara ba, ba kuma kowane wuri ke da kayan da hannun da ya saba ba. Maman Yusra, ki tambayi likitan tiyatar kai tsaye ko ita ta dace. Akwai sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Kada dai neman wanda ya fi ya cinye muku wata guda. Ki kuma nemi a duba zuciyarta kafin aiki, domin wasu masu wannan ciwon suna zuwa da matsalar zuciya. In da halin MRI, wani nau'in hoton cikin kai ne daban, ya fi CT nuna ƙeya, yana kuma nuna ko gadar da ta haɗa dama da hagu na babbar ƙwaƙwalwa tana nan.

Maman Yusra:
Likita tambaya ta ƙarshe, ita ce ta fi damuna. Za ta yi hankali? Za ta yi tafiya?

Likitan Yara:
Kusan rabin masu Dandy-Walker suna tashi da basira daidai da ta sauran yara, sauran suna samun jinkiri, daga kaɗan zuwa mai yawa, wasu da farfaɗiya. Abin da ya fi nuna inda yaro zai faɗa shi ne ko akwai wasu nakasu a ƙwaƙwalwa ko zuciya, da yadda sashen tsakiyar nan ya ginu, da kuma saurin da aka sauke matsin ruwa. Na ukun nan ne kaɗai yake hannunku.

Mai Gashi:
In ƙara a kan na Likita. Bayan aiki kada ki jira sai ta shekara ba ta zauna ba sannan ki zo gashi. Da zarar ɗinki ya warke likita ya ba da izini, a fara. Kan ya yi wa wuyan nauyi, sai an koya masa. Ki riƙa kwantar da ita rub da ciki a ƙirjinki tana farke kina mata magana don ta ɗago, ki riƙa sauya mata gefen kwanciya kada fata ta yi rauni. Goyo kuma ki tallafe kan da zani sosai, kada ya riƙa lilo.

Maman Yusra:
Salam. Na dawo da labari bayan kwana tara. Babanta ya karanta komai, saƙon Baban Khalil sau biyu ya karanta. Mun je da Hajiya surukata, likita ya ɗaga hoton ya nuna mata baƙin ruwan da siririn farin da ya rage a gefe. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta tambaya ko yarinyar tana jin ciwo. Da aka ce eh, ta ce a yi. Zuciyarta lafiya. Likitan ya ce roba ta fi dacewa da ita. An yi aikin shekaranjiya, awa ɗaya da wani abu. Yau da asuba na taɓa maɗigar na ji ta yi laushi, har tana ɗan motsi da numfashinta. Ta sha nono sau huɗu ba amai.

Baban Khalil:
Alhamdu lillah. Ku ware kuɗin mota ku ajiye daban, kada a taɓa su ko da me. Mu har yau haka muke yi.

Hajiya Babba:
Barka 'yata, barka. Ki sayi abin auna zafin jiki kafin ku bar asibitin, ki sa nas ta koya miki. Ki duba bayan kunnen nan safe da yamma, da wurin ɗinkin ciki. In kin ga ja ko ruwa, ko jikinta ya yi ɗumi, ko ta ƙi nono, ko da ƙarfe biyun dare ne ku fita. Ki karɓi lambar ɗakin da kuke kwance ki rubuta a bangon ɗakinki.

Anti Nas:
Ki samu tef ɗin tela ma, ki riƙa aunawa duk Juma'a, daga saman gira ki zagayo ta inda ƙeya ta fi turowa, ki rubuta a bayan katinta ki zo da shi duk ranar asibiti.

Maman Yusra:
To Hajiya, to Anti. Babanta ya fita sayo abin auna zafin yanzu. Na yau da aka auna da safe 46 da rabi ne, na rubuta.